Mudu da I'izari: Hukuncin Sallamar Ɗalibi a Ma'aunin Adalci

Kowace jami'a a Nijeriya tana da dokokin da suka tsara yadda ake bibiyar karatun ɗalibi tun daga shekararsa ta farko har zuwa fitarsa, kuma a cikinsu babu wadda ta kai dokar gargaɗi da sallama nauyi, domin ita ce take yanke wa mutum ko dai ya ci gaba da zama ko ya kama hanyar gida, bayan ƙuruciyarsa da dukiyar iyayensa sun riga sun tafi a kan karatun. Galibi ana ɗaukar wannan doka a matsayin aikin ofis da lissafin maki, alhali a ƙarƙashinta akwai tambaya ta addini da falsafa wadda ta cancanci a tsaya a kanta: da wane haƙƙi ne wata hukuma za ta rufe wa mai neman ilimi ƙofa, kuma wane sharaɗi ne ya wajaba ya cika kafin a kira wannan rufewa adalci?

Amsar tana buƙatar a fara da sanin yadda tsarin yake aiki. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1962, ta fitar da mafi ƙarancin mizanin karatu na bai ɗaya ga jami'o'i a 1989, kuma a kan wannan mizani aka gina tsarin kwasa-kwasai masu nauyi, inda kowane kwas yake da adadin raka'o'i gwargwadon sa'o'in da ake karantar da shi a mako. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'i suke bi, wanda ya sami 70 zuwa sama a cikin ɗari yana da maki 5, mai 60 zuwa 69 yana da 4, mai 50 zuwa 59 yana da 3, mai 45 zuwa 49 yana da 2, mai 40 zuwa 44 yana da 1, wanda ya gaza 40 kuwa ya faɗi, ba shi da komai. Ana ninka makin kowane kwas da raka'o'insa, a tara sakamakon duka, a raba da jimlar raka'o'in da ɗalibin ya yi rajista tun shigarsa, abin da ya fito shi ne matsakaicin maki na jimla, wanda ɗalibai suka fi sani da CGPA. Da wannan lamba ake rarraba darajar digiri: daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, daga 3.50 daraja ta biyu ta sama, daga 2.40 daraja ta biyu ta ƙasa, daga 1.50 daraja ta uku.

Da ita kuma ake gane wanda ya raunana. Kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi yana binsa bashi zuwa shekara ta gaba, abin da ake kira kariyoba, wanda kuma shekarunsa suka cika da sauran bashi a kansa yakan ƙara zango ko shekara bayan abokan karatunsa sun fita. Idan matsakaicin makin ɗalibi ya faɗi ƙasa da iyakar da aka gindaya a ƙarshen shekara, wadda a tsohuwar ƙa'ida 1.00 ce, a wasu jami'o'i kuma an ɗaga ta zuwa 1.50, sai a sanya shi a zaman gwaji, wato wa'adin da ake ba shi domin ya gyara. In wa'adin ya cika bai haura iyakar ba, majalisar malamai ta jami'a, wadda ita ce hukumar ƙoli a kan harkar karatu, takan sallame shi daga sashensa ko daga jami'ar baki ɗaya. Akwai kuma iyakar zama, ta yadda karatun shekara huɗu ba ya wuce shekara shida a galibin wurare.

Hujja mafi ƙarfi da take halatta wannan tsari tana cikin ma'anar takardar da jami'a take bayarwa, wadda Hausa ta yi daidai da ta kira ta takardar shaida. Shaida a shari'a ita ce mutum ya ba da labarin abin da ya sani domin a gina hukunci a kansa, kuma malamai sun haɗu a kan cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Idan jami'a ta sa hannu a kan digiri, tana shaida wa al'ummar da ba ta halarci aji ba cewa wane ya san abin da aka rubuta a takardar, kuma a kan wannan shaida za a miƙa masa ginin gada, ko lissafin dukiyar jama'a, ko ajin yara sittin. Saboda haka malamin da ya ɗaga wa ɗalibi maki don tausayi, ko don sanayya, ko don roƙon wani babba, ya tausaya wa mutum ɗaya da yake gani a gabansa, ya kuma zalunci mutane masu yawa da ba ya gani, waɗanda za su bi ta kan gadar ko su tura 'ya'yansu ajin. Ta wannan fuska, hana digiri ga wanda bai cancanta ba wajibi ne, kuma jami'ar da ba ta iya cewa a'a ta zubar da ƙimar shaidarta ga waɗanda suka cancanta ma.

Mai ja da wannan magana yana iya kafa hujja da tsarin karatu na gargajiya a ƙasar Hausa, inda ba a san korar almajiri saboda nauyin kai ba. A makarantar allo yaro yakan biya karatunsa a gaban malam, in ya riƙe a ba shi izinin wanke allo a yi masa ƙari, in bai riƙe ba ya koma ya maimaita, ko da zai kwana goma a kan allo ɗaya, haka nan a zaure magidanci yakan shekara da shekaru a kan littafi guda ba wanda ya ce masa wa'adinsa ya ƙare. Sai dai idan aka duba da kyau za a ga cewa wannan tsari bai taɓa sassauta mizani ba, domin ba a wanke allon da ba a riƙe ba, ba a kiran mutum alaramma ko gwani don ya daɗe a tsangaya, kuma malami ba ya ba da ijaza, wato izinin karantar da littafi da isar da shi ga wasu, sai ga wanda ya gamsu da shi. Abin da zaure yake da shi wanda jami'a ta rasa shi ne yalwar lokaci da kusanci. Jami'a tana da kujeru ƙidayayyu da dubban masu jiran shiga a waje, don haka dole ta sa wa'adi, amma babu abin da ya tilasta mata ta rasa kusancin, kuma a nan ne darasin zaure yake: malam yana sanin rauni a ranar da ya bayyana, domin kullum ɗalibi yana biyawa a gabansa.

Wannan ya kai ga batun mudu. Alƙur'ani ya yi kakkausan gargaɗi ga masu tauye ma'auni a Suratul Muɗaffifina da kuma a ƙissar Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana, kuma siffar mai tauyewa ita ce ya cika mudu in zai karɓa, ya rage in zai bayar. Matsakaicin maki mudu ne, jami'a kuma tana auna ɗalibi da shi har zuwa lamba ta biyu bayan ɗigo, ta yadda tsakanin 0.99 da 1.00 makomar mutum take rataye. Wanda yake awo da irin wannan tsanani ya ɗora wa kansa wajibin ya cika nasa mudun da tsanani irinsa. Jami'a takan shardanta wa ɗalibi halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin ya zauna jarrabawa, to adalci yana tambayar kashi nawa na darussan aka karantar. Idan aka cusa ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin da na baya ba ya jin muryar malami, ko takardar jarrabawa ta ɓace aka rubuta wa mai ita sifili, ko aka matse zangon karatu domin a cike giɓin yajin aiki irin na 2022 wanda ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayya wata takwas, to lambar da ta fito tana ɗauke da gazawar ɓangarori biyu, amma ɓangare ɗaya kaɗai ake yi wa hukunci da ita. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na arewacin Nijeriya suke aiki da shi, yana da wata ƙa'ida da take haskaka wannan wuri, ita ce i'izari. Ma'anarsa ita ce kafin alƙali ya yanke hukunci ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidun da aka kawo, in ya nemi lokaci a ba shi wa'adi, domin a yanke masa duk wani uzuri. Ibn Asim ya ware wa wannan batu fasali a Tuhfatul Hukkam, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda an tsallake shi, ko da kuwa a zahiri mai gaskiya ne ya yi nasara. Hikimar ita ce daidaituwar sakamako ba ta wadatar ba, sai hanyar da aka bi zuwa gare shi ita ma ta daidaita. Zaman gwaji shi ne i'izarin jami'a, kuma ingancin sallama ya rataya ne a kan ingancinsa.

I'izari na gaskiya yana da sharuɗɗa uku a wannan fage. Na farko shi ne sanarwa a kan kari, domin lissafin kansa yana nuna tsadar jinkiri. Ɗalibin da ya ɗauki raka'a 40 a shekarar farko ya fita da 0.80 yana buƙatar matsakaicin 1.20 a raka'a 40 na gaba kafin ya kai 1.00, in kuwa iyakar 1.50 ce yana buƙatar 2.20, wato kusan ninki uku na abin da ya iya a baya. Irin wannan ɗalibi in sakamakonsa bai fito ba sai bayan rabin shekarar gwajin ta wuce, an ba shi wa'adi a takarda an kuma karɓe shi a aikace. Na biyu shi ne bincike a kan dalili, domin lamba ɗaya tana iya fitowa daga sababai mabambanta: akwai wanda wasa ya ɗauke masa hankali, akwai wanda yake yini da yunwa ko yake sana'a da dare don biyan kuɗin rajista, akwai mai jinya, akwai wadda ta haihu a tsakiyar zango, akwai wanda ya fito daga makarantar da ba ta ba shi Ingilishin da zai fahimci lacca ba, akwai kuma wanda aka tura sashen da bai nema ba kuma ba shi da ɗabi'arsa. Malamin da aka ɗora wa kula da ɗaliban kowane aji shi ne ya kamata ya rarrabe waɗannan, in aikinsa bai tsaya ga sa hannu a takardar rajista ba. Na uku shi ne taimako da ya dace da dalilin, kamar rage nauyin raka'o'i, da darussan ƙari, da izinin dakatar da karatu ga mai uzuri, da sauya sashe ga wanda ƙarfinsa yake wani fanni.

Magabata sun yi magana a kan wannan nauyi na mai karantarwa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa daga ayyukan malami akwai tausaya wa ɗalibai kamar 'ya'yansa, da rashin ɓoye musu nasiha, da karantar da kowa gwargwadon fahimtarsa. Ibn Khaldun kuma, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a Muƙaddima cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, tana kashe masa himma, tana koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoro. Wanda ya lura da yadda satar amsa da neman maki ta bayan fage suke yawaita a inda tsoron kora ya yi yawa kuma ƙofar neman taimako take rufe, zai ga gaskiyar wannan magana.

Duk wannan bai sauke wa ɗalibi nasa nauyin ba. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, amma tana tambayarsa a kan abin da yake cikin ƙarfinsa, kuma kujerar da yake kai amana ce da wani ya nema bai samu ba. Kafa hujja da ƙaddara bayan an yi sakaci ba ya cikin tawakkali, domin tawakkali shi ne dogara ga Allah bayan an riƙi sababi, sababin ɗalibi kuwa shi ne halartar darasi, da bita, da tambaya, da bayyana matsalarsa tun tana ƙarama maimakon ɓoye ta ga iyaye da malamai har ta gagara. Hausawa sun raba laifin tun da daɗewa da suka ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya.

Idan an cika sharuɗɗan duka kuma ɗalibi bai haura ba, sallamarsa adalci ce, kuma sau da yawa ta fi masa alheri a kan ya ƙone shekara shida ya fita hannu rabbana. Amma ko a nan akwai haƙƙin da ya rage, domin abin da aka auna shi ne aikinsa a wani fanni a wani lokaci, darajarsa ta ɗan Adam kuwa ba ta shiga mudun ba. Ya cancanci a sanar da shi cikin sutura, a ba shi takardar sakamakon abin da ya ci, a nuna masa wata ƙofa ta kwalejin fasaha ko ta ilimi ko ta sana'a, iyaye kuma su karɓe shi ba tare da gori ba.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne jami'a tana da haƙƙi, har ma da wajibi, na ƙin shaida ga wanda bai cancanta ba, amma ba ta da haƙƙin sallamar ɗalibin da ba ta karantar da shi yadda ta alkawarta ba, ba ta gargaɗe shi a kan kari ba, ba ta kuma saurari uzurinsa ba. Ya kamata kowace majalisar malamai, kafin ta amince da jerin sunayen waɗanda za a sallama, ta nemi shaida a kan kowane suna cewa an kira mai shi, an ji ta bakinsa, an ba shi wa'adin da zai iya amfani da shi, domin wanda ya sa hannu a kan wannan jeri alƙali ne, kuma za a tambaye shi a kan hukuncinsa ranar da za a kafa ma'aunin da ba ya tauye kowa.