Awakin Kaka Na Wane Ne?

Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ban gane zurfin wannan magana ba sai da kakana ya rasu ya bar mata uku, cikinsu har da wadda ta haifi mahaifina.

Bayan sun fita takaba, watau wata 4 da kwana 10, aka zauna rabon gado. Shari'a dai ba ta bar kowa cikin duhu ba. Aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta yanka wa matar mamaci tumuni, kashi 1 cikin 8, in ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i kuwa in bai bari ba. In matan suna da yawa, shi ɗin za su raba. Saboda haka rabon Kaka kashi 1 ne cikin 24. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Awakinta shida, waɗanda ta saya da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, saura kaɗan a lissafa su cikin gado, don kawai a gidan miji suke ɗaure. Sai da liman ya tsawata, ya ce abin da mace ta nema da guminta nata ne.

To, awaki sun tsira daga magada, amma ba su tsira daga gare mu ba. Baffana ya karɓi biyu da sunan aro, ya sayi taki. Ni kaina da kuɗin rajista ya gagara, akuya aka ja zuwa kasuwa. In an yi magana sai a ce, ai ana ciyar da ita, me tsohuwa za ta yi da dukiya?

Shin ciyarwa tana maye gurbin mallaka? A ganina, a'a. Ciyar da uwa hakki ne a wuyan ɗa, ba ciniki ba ne da za a fanshe da dabbobinta. Tsohuwa mai abin hannunta ita ke zubin adashi, ta kai gudummawar biki, ta sayi maganinta ba tare da ta duba fuskar kowa ba. Ran da turke ya zama wayam, muryarta ma takan ragu a gidan.

Wani zai ce ai da son ranta ta bayar. Haka ne, amma wace kaka ce za ta iya hana jikanta? Abin da aka karɓa da ƙarfin kunya, da wuya a kira shi kyauta.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu da irin wannan akuya muka zo jami'a. Ni dai na ɗauki tawa bashi. Allah ya ba ni ikon mayar da ita turkenta tun Kaka na da rai, amin.