Habbatus Sauda Da 'Yan'uwanta Na Daji

 

A dazuzzukan Ingila da Faransa da Jamus akwai wani ɗan farin fure wanda Turawa ke kira anemoni. Yana fitowa ne wajen watan Maris zuwa Afrilu, tun itatuwa ba su yi ganye sun tare masa rana ba. Da dare, ko in hadari ya taso, sai ya rufe ya sunkuyar da kai. Duk kyan nan nasa, ruwan jikinsa dafi ne: yana ƙona fata, wanda kuwa ya ci shi zai sha amai da gudawa. Yana da ɗan'uwa ja a ƙasar Sham, wanda Larabawa ke kira shaƙa'iƙun Nu'umanu, an ce don Sarkin Hira, Nu'umanu ɗan Munziri, ya hana a taɓa shi. Akwai kuma bishi, wanda saiwarsa kan kashe mutum.

Abin mamaki, masana tsirrai sun tabbatar da cewa waɗannan duka dangi ɗaya ne da habbatus sauda, wato baƙar ƙwayar nan da alhazai ke tsaraba da ita, wadda ake nomawa a Masar da Habasha da Indiya da Turkiyya. Ga dafi ga magani a gida guda. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ja hankalin bayinSa ga irin wannan a Suratur Ra'adi, inda Ya ambaci tsirran da ake shayarwa da ruwa ɗaya, amma Ya fifita wani a kan wani wajen ci.

Falalar habbatus sauda ba abin musu ba ce. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana akwai waraka a cikinta daga kowace cuta, in ban da mutuwa. Hadisi ne ingantacce, Musulmi ba ya shakkarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda wasu ke fassara shi a tashoshin mota da ƙofofin masallatai, da lasifika a hannu, suna ce wa mai ciwon sukari ya zubar da allurarsa, mai hawan jini ya bar ƙwayarsa, wai kwalbar mai guda ta ishe shi. Talaka ya ji an ambaci Annabi, kunya da ƙauna su hana shi tambaya, ya koma gida ciwo ya ci ƙarfinsa.

To, magabata ba haka suka fahimta ba. Imamu Haɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 388 bayan Hijira, ya ce lafazin na game-gari ne amma ana nufin keɓaɓɓun cututtuka, domin babu tsiro guda da ya tattara maganin kome. Ibnul Ƙayyimi, wanda ya rasu a 751, ya kwatanta shi a Zadul Ma'adi da iskar da aka aika wa Adawa, wadda Suratul Ahƙafi ta ce tana halaka kome, alhali ayar da kanta ta nuna gidajensu sun saura. Ashe "kome" a nan shi ne duk abin da aka umurce ta da shi. Gaskiya ne akwai malamai irin su Ibnu Abi Jamrata da suka bar hadisin a kan faɗinsa, kamar yadda Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari. Amma barin lafazi a kan faɗinsa daban, hana mara lafiya ganin likita daban.

A dubi ma yadda mutanen farko suka yi aiki da ita. Buhari ya kawo cewa Galibu ɗan Abjar ya kamu da rashin lafiya a kan hanya, da aka iso Madina sai Ibnu Abi Atiƙ ya zo gaishe shi. Ya ce a ɗauki ƙwaya biyar ko bakwai, a niƙa, a haɗa da ɗigon mai, a ɗiga masa a kafofin hanci biyu, sannan ya kafa hujja da abin da ya ji daga Nana A'isha. Biyar ko bakwai ya ce, ba ludayi ba. Akwai ƙidaya, akwai hanya, akwai sanin cutar da ake nufi. Likitocin zamani sun sami wani sinadari a cikin manta mai suna timokwinon, suna kuma bincike a kansa, amma ba su ba kowa izinin ya musanya shi da maganin da aka rubuta masa ba.

Shari'a kuwa ba ta bar mai tallan nan haka kawai ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani, alhali ba a san shi da ilmin magani ba, shi ne mai lamuni. Haɗɗabi ya yi bayani cewa idan mara lafiya ya halaka ta dalilinsa, ba za a yi masa ƙisasi ba, tun da da izinin mara lafiyar ya yi, amma diyya ta wajaba, kuma a wurin mafi yawan malaman fiƙihu danginsa ne za su biya.