Wane Suna Za Ka Raɗa wa Ɗanka?

Ya ɗan'uwa mai bi, sa'anda Allah ya ba ka ƙaruwa, dangi za su taru ran suna, wanzami ya zo da askarsa, kowa ya kasa kunne ya ji sunan da za a raɗa. Kada ka yi wannan abu da garaje. Riga takan tsufa a sake wata, amma suna yana bin mutum har kabari.

Kakanninmu ba su sa suna a banza ba. A ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, in ka ji sunan mutum, sau da yawa ka ji labarin haihuwarsa. Ladi da Ɗanladi ran Lahadi aka haife su, Jummai ran Jumma'a, Asabe ran Asabar. Tanko ya zo a bayan mata, Kande a bayan maza, Gambo a bayan tagwaye. Nomau kuwa lokacin noma ya zo. Babu laifi cikin waɗannan, gama rana da damina duka na Allah ne. Mai bi ba shi da dalilin jin kunyarsu.

Amma akwai sunayen da tsoro ya haifa. Macen da 'ya'yanta suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, akan ce tana wabi. In ta sake haihuwa, sai a kai jinjirin bisa juji, a ɗauko shi, a kira shi Ajuji, domin iskoki su zaci ba a son shi, su bar shi. Ba mu yi wa uwar nan dariya ba. Wanda bai binne ɗa ba, bai san zafin da ke cikin zuciyarta ba. Amma ki duba, 'yar'uwa: suna ba shi ruɗin mutuwa, juji kuma ba shi tsare yaro. Ran ɗanki a hannun Allah yake. In ya yi zazzaɓi, ki kai shi asibiti da sauri, kina addu'a.

Cikin Littafin Farawa, sura 35, Rahila tana bakin mutuwa wajen haihuwa, ta sa wa ɗanta suna Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina. Yakubu ubansa bai yarda yaron ya ɗauki makoki a kansa dukan kwanakinsa ba, ya kira shi Biliyaminu, wato ɗan hannun dama. Haka ya kamaci uba mai bi ya yi.

Waɗansu kuma suna tsammani sai an ɗauki sunan Turawa kafin a zama Kirista. Ba haka ba ne. Tun shekarar 1932 dukan Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa, Allah kuwa yana jin Hausa. Sunan da kaka ba ta iya faɗinsa, kai ma ba ka san ma'anarsa ba, ina amfaninsa? Ga Godiya, ga Alheri, ga Murna, ga Haƙuri, ga Dogara. Duk sa'anda uwa ta kira Godiya daga bakin rijiya, ta tuna wa unguwa duka wanda ya ba ta.

In kuwa daga Littafi za ka ɗauko, ka fara sanin asalinsa. Ishaku dariya ne, gama Saratu ta haife shi cikin tsufa. Bitrus dutse ne. Yohanna kuwa, Ubangiji ya yi alheri ke nan. Luka ya ba da labari, ran kwana 8 dangi suka so a sa masa sunan ubansa Zakariya, amma Alisabatu ta ƙi, Zakariya kuma ya rubuta Yohanna bisa allo. Ashe miji da mata bakinsu ɗaya ne. Kai ma ka yi shawara da matarka, ka ji ta dattawa da ladabi, amma kada ka karɓi sunan tsoro domin gudun ɓacin ransu.

Kada kuma ka ci bashi domin ragon suna. Abin da ke cikin rumbu ya isa. Albarka ba daga girman rago take fitowa ba.

Bayan wannan, aiki ya rage a kanka. Wanda ya raɗa wa ɗiyarsa Salama, shi kuwa kullum yana faɗa da uwarta, ya ƙaryata sunan da bakinsa. Sa'anda yaron ya yi wayo, ka zaunar da shi, ka gaya masa dalilin sunansa, ka koya masa sunan Yesu, wanda ma'anarsa Ubangiji yana ceto. Allah shi raya mana su, shi rubuta sunayensu cikin littafin rai. Amin.