Karamcin Da Ake Biya

Shin karamcin da aka yi don albashi yana nan a matsayinsa na karamci? A al'adar Bahaushe karɓar baƙo kyauta ce: a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa tuwo, kuma abin kunya ne a ambaci kuɗi. To, ina matsayin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ajiye faranti a gaban baƙin da sai sun biya kafin su fita? Tambayar ta shafe ni, domin wannan ita ce sana'ar mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Baba ya fara aiki tun yana saurayi a wani gidan abinci a Sabon Gari, unguwar da ta bunƙasa a gefen tashar jirgin ƙasa bayan dogo ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911. Ma'aikatan reluwe da direbobi da 'yan kasuwa, Yarbawa da Ibo da Hausawa, su ne baƙinsa. Daga baya ya koma Samaru, inda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da gwamnati ta daina ciyar da ɗalibai a tsakiyar shekarun 1980, gidajen abinci suka yawaita, 'yan makaranta suka zama mafi yawan masu zama a teburansa.

Zargi biyu ake yi wa irin aikinsa. Na farko na jama'a ne. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna yadda Hausawa ke jera darajar mutum bisa sana'arsa, kuma a idon mutane da yawa rabon abinci aikin mata ne ko na boyi. Wannan zargi ba ya tsayawa da ƙafarsa, tunda masu yin sa ba su fasa ci ba. Na biyun ya fi nauyi: wai fara'ar ma'aikaci ta dole ce, yana murmushi ga wanda ya daka masa tsawa don gudun kora. Akwai gaskiya a nan. Talauci yakan tilasta wa mutum haɗiye abin da zuciyarsa ta ƙi.

Sai dai Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wato sun raba abu biyu. Kuɗin mai ci yana sayen tabarmar: shinkafa, miya, kujera. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Idan ɗalibi ya nemi shinkafa ba nama a ƙarshen wata, Baba yakan gane, ya kai masa da nama ba tare da ya ce uffan a gaban abokansa ba. Daga nasa rabon na rana yake cirewa, domin tukunyar ta maigida ce, amana ce a hannunsa. Mai girman kai kuwa yakan sami abincinsa da zafi, da gaisuwa daidai gwargwado, amma bai taɓa samun fadanci ba.

A lacca mai suna Mutumin Kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa karamci da amana da mutunci cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su. A fahimtata, ukun nan ne ke amsa tambayar. Albashi yana sayen lokacin mutum da ƙarfinsa. Kiyaye mutuncin baƙo zaɓi ne da ma'aikaci ke yi ko ya bari, kuma ba mai rage masa kwabo in ya bari. Inda zaɓi yake, nan karamci yake.

Baba ya bar aiki da kumburarrun ƙafafu, ba fansho. Saboda haka tambayar ta juyo kanmu, mu masu zama a kawo mana. Wanda ya biya kuɗin abinci ya sauke hakkin maigida kawai. Saura hakkin wanda ya ɗauko farantin: a dube shi, a amsa gaisuwarsa, a ce masa sannu da aiki.