Muryar Makaɗi a Hannun Mai Saurare: Mallaka ce ko Amana?

Gabatarwa

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A zamanin da magabata suka yi wannan karin magana, babu wata hanyar jin waƙa sai daga bakin mai ita, domin duk mai son jin makaɗi tilas ne ya taka ya je inda yake, ko a ƙofar fada, ko a gidan biki, ko a filin dambe. Idan aka tashi daga wurin, waƙa ta bi iska ke nan, sai ɗan abin da zuciya ta riƙe. Yau kuwa al'amari ya sauya. Makaɗi yana kwance a kabari shekara da shekaru, amma muryarsa tana cikin aljihunmu, mu tashe ta sa'ad da muka so, mu katse ta inda muka ga dama. Wannan iko da muka samu a kan muryar wani shi ya haifar da tambayar da muke son tattaunawa a wannan maƙala: shin muryar da ke cikin faifai ko kaset ko waya mallakar wanda ya riƙe ta ce, ko kuwa amana ce aka ajiye a hannunsa?

Wani Dare a Majalisarmu

Muna da wata majalisa a nan Kontagora wadda takan haɗu bayan sallar isha'i a ƙofar shagon wani tela. A cikinmu akwai malaman makaranta, da ɗalibai, da tsofaffin direbobi waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan hanyar Tegina zuwa Yawuri da Sakkwato, kaset na kuka a gaban mota. Abin da ya haɗa mu shi ne son tsofaffin waƙoƙi da gardama a kansu. Wani ya ce babu kamar Narambaɗa wajen azanci, wani ya ce amshin yaran Musa Ɗanƙwairo ba shi da na biyu, wani kuma ya rantse cewa kalangun Shata ne kaɗai ke raba shi da gyangyaɗi.

Wata rana wani matashi daga cikinmu ya zo da ɗaukar wani tsohon makaɗi da ya riga mu gidan gaskiya, wanda ba za mu ambaci sunansa ba. An ɗauke ta ne a wani gidan biki. Muryarsa ta dushe, numfashi yana yanke masa a tsakiyar ɗan waƙa, har sau biyu ya manta sunan wanda yake yabo, 'yan amshi suna ta rufa masa asiri. Muka yi dariya har da tafawa, muka maimaita wurin sau uku, kuma nan take kowa ya ce a tura masa a waya. Wani dattijo tsohon direba bai ce uffan ba, sai da muka lafa sannan ya ce, "Samari, ku kun ji dare ɗaya, ni kuwa na ji shekara talatin. A ƙarshen rayuwarsa ba shi da lafiya, kuma yakan fita kiɗa ne don kada tukunya ta kwana a kife a gidansa." Majalisa ta yi tsit. Amma kafin wannan lokaci, wasu daga cikinmu sun riga sun tura wa abokansu.

Abin da Na'ura Take Kamawa

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da na'ura take kamawa. Ba ta kama makaɗi, ba ta ma kama waƙa gaba ɗayanta. Abin da take kamawa shi ne yadda aka yi waƙar a rana ɗaya, a wuri ɗaya, cikin hali ɗaya. Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata a ɗauka fiye da ɗaya ya san cewa amshi yana nan daram, amma 'ya'yan waƙa suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wuri da mutanen da ke gabansa. Shata ya rasu a 1999, saboda haka babu sauran wata sabuwar Bakandamiya. Waɗanda aka ɗauka su ne suka tsaya a madadin ɗimbin waɗanda ba a ɗauka ba.

Ba mu kaɗai ne ke da irin wannan kiɗa da ake ƙirƙirarsa nan take ba. Baƙaƙen fatar Amurka suna da kiɗan jaz, wanda ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Tsarinsa shi ne a kafa karin da kowa ya sani, sannan kowane mabushi ya fito ya yi nasa saƙar a kai, ba ya maimaita ta jiya. Kiɗan ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai, domin Louis Armstrong ya ziyarci Nijeriya a 1960, kuma Yusef Lateef ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello. Masu sha'awar jaz su ma, kamar mu, sukan raba dare suna gardama a kan wace ɗauka ta fi wace.

A tarihinsu akwai labarin da ya yi kama da na majalisarmu. A ranar 29 ga Yuli, 1946, a birnin Los Angeles, aka ɗauki busar Charlie Parker, gwanin wani abin busa da ake kira saksafon, yana busa karin "Lover Man". A ranar jikinsa ya yi tsanani saboda rashin samun ƙwayar da ya saba da ita, ga kuma giyar da ya sha, har da ƙyar yake tsayuwa. A daren nan ne hankalinsa ya gushe, aka kai shi asibiti inda ya shafe wata shida. Duk da haka mai kamfanin Dial, Ross Russell, ya fitar da faifan kasuwa. Parker bai taɓa yafe masa wannan ba, kuma ya sake ɗaukar karin a 1951, kafin rasuwarsa a 1955 yana da shekara 34.

Hujjar Masu Cewa Mallaka Ce

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Da farko sun ce magana zarar bunu ce, wanda ya yi waƙa a bainar jama'a ya riga ya ba da ita, ba shi da ikon cewa a ji wannan a bar wancan. Na biyu, sun ce mun sa kuɗinmu mun saya, abin da mutum ya saya kuwa nasa ne. Na uku, wadda ita ce mafi ƙarfi, sun ce da ba don masu ɗauka da masu kwafa ba, waɗanda ba su nemi izinin kowa ba, da mun yi asarar da ba ta misaltuwa.

Tarihi yana goyon bayansu a nan. Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora, ya rasu a 1876, shekara guda kafin Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877. Duk makaɗan da suka yi masa waƙa sun tafi da muryoyinsu, ba mu da ko tarinsu. Haka nan Buddy Bolden, wanda ake lissafawa cikin iyayen jaz, an haife shi a 1877, ya daina busa a 1907 sa'ad da aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, ba a kuwa fitar da faifan jaz na farko ba sai a 1917. Yau sunansa kawai ake ji, babu wanda zai iya jin busarsa. Wa zai ƙi a ce an sami ko da mafi munin darensa? Daɗin daɗawa, shahararren makaɗin jaz Charles Mingus ya ɗauki wancan faifai na Parker a matsayin ɗaya daga cikin manyan ayyukansa, saboda raunin da ke cikinsa ya fito da wata gaskiya da lafiya kan ɓoye.

Matsayinmu

Mun yarda da su cewa adanawa alheri ce, kuma ba ma goyon bayan a share kowace murya. Inda muka rabu da su shi ne a kan abin da adanawa take nufi. Hujjarsu ta uku, idan aka dube ta da kyau, tana rushe ta biyu, domin idan dalilin riƙe murya shi ne kada ta ɓace wa na baya, to mai riƙon ma'aji ne. Kuɗin da muka biya na kaset ne ko na katin waya, ba na mutuncin mai muryar ba.

Sa'ad da makaɗi yake tsaye a fage, yana da makamansa. Yana ganin fuskokin masu saurare, yana iya gyara kuskurensa a ɗa na gaba, yana iya mayar da martani. Wanda ya san waƙar Gagarabadau ya san cewa ba kowa ne zai yi wa Shata dariya a gabansa ya kwana lafiya ba. Amma da zarar murya ta shiga na'ura, an kwance wa mai ita ɗamara. Ba ya ganinmu, ba ya iya cewa a dakata, ba ya iya faɗin uzurinsa. Halinsa ya zama kamar na mamaci a hannun masu wanka, kuma kowa ya san abin da addini da al'ada suka ɗora wa mai wankan gawa: ya yi aikinsa da tausasawa, idan ya ga aibi ya suturta. Duk inda iko ya taru a hannu ɗaya, ɗayan kuma ba shi da kariya, to wannan dangantaka sunanta amana.

Wannan amana tana da haƙƙoƙi. Na farko shi ne jingina waƙa ga mai ita, tare da faɗin lokaci da halin da aka yi ta idan an sani, domin maganar dattijon nan ita kaɗai ta mayar da abin dariya ya zama abin tausayi, alhali sautin bai sauya ba. Na biyu shi ne a ji waƙa har ƙarshenta. Ya zama ruwan dare yanzu a yanko ɗan zambo ɗaya daga cikin waƙa mai tsawo a jefi kishiya ko abokin hamayyar siyasa da shi, a sa mamaci faɗan da bai san da shi ba. Na uku shi ne a auna makaɗi da dukkan aikinsa, kada a auna shi da darensa mafi muni. Na huɗu shi ne tuna magadansa. Mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa yana karɓar ladansa, mu muna samun nishaɗi, amma sau da yawa iyalin mai muryar ba su ga ko sisi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna hana suka. Gardama ita ce ke raya tsohuwar waƙa, kuma ranar da majalisa ta daina musu a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ranar ce za su mutu mutuwa ta biyu. Halal ne mu ce wannan ɗauka ba ta kai waccan ba, ko mu ce a nan makaɗi ya yi zuƙu a yabo. Bambancin shi ne, mai suka yana faɗin abin da zai iya faɗa ko da makaɗin yana zaune a kan tabarma ɗaya da shi, mai izgili kuwa yana cin moriyar rashinsa ne.

Kammalawa

Ba mu share waccan ɗauka ba, domin ita ma wani yanki ce na rayuwar mai ita. Abin da muka amince a kai shi ne, ba za a ƙara sa ta a majalisa ba sai an fara sa wata waƙarsa ta lokacin da muryarsa take da ƙarfi, sannan a ba da labarin da dattijo ya ba mu. Da muka saurare ta a haka, sai muka ji abin da dariya ta hana mu ji a daren farko, wato yadda 'yan amshinsa suke ɗaga murya daidai inda tasa take faɗuwa, don kada jama'a su gane. Su sun riƙe amanar ubangidansu yana raye. Waɗanda muka riga muka tura wa kuwa, ba mu san inda ta kai daga hannunsu ba, kuma wannan nauyi yana wuyanmu. Allah Ya jiƙan makaɗanmu da suka rigaya, Ya yafe mana abin da kunnuwanmu da hannuwanmu suka ɗauko.