Wanda Ake So da Wadda Ake Tsoro a Dajin Madagaska

A gabashin tsibirin Madagaska akwai dabbobi biyu 'yan dangi ɗaya da ke zaune a daji ɗaya, amma mutane sun raba musu rabo tun kafin a haife su. Ɗaya idan mafarauci ya hango shi sai ya sauke makami. Ɗayar kuwa idan ta kuskura ta shigo ƙauye, da wuya ta ga wayewar gari. Dukansu lemur ne, wato wasu 'yan uwan biri na nesa waɗanda wannan tsibiri ne kaɗai asalinsu, kuma ire-irensu sun haura ɗari.

Na farkon shi ne indri, wanda mutanen ƙasar ke kira babakoto. Shi ne mafi girman lemur da ya rage a raye. Wutsiyarsa guntuwa ce ƙwarai, yana maƙale a jikin itace a miƙe kamar mutum, kuma da safe iyalinsa kan haɗa murya su yi wani dogon kuka da ake ji daga nesa a dajin Andasibe. Akwai labarin da ake bayarwa na wani yaro da ya hau itace neman zuma ya kasa saukowa, babakoto ya goyo shi zuwa ƙasa. Saboda irin waɗannan labarai, kashe shi ya zama fady a ƙauyuka da yawa, wato abin da kakanni suka hana.

Ta biyun ita ce aye-aye, mai yawon dare. Kunnuwanta fatan-fatan, idanunta a zazzare, haƙoranta na gaba ba sa daina tsiro, ga wani yatsan tsakiya siriri kamar tsinke. Da yatsan take ƙwanƙwasa itace tana saurare. In ta ji rami a ciki sai ta ɓare ɓawon da haƙori ta zaƙulo tsutsa. Wannan yatsa da take ci da shi, shi ne ya ja mata. A yankuna da dama an yarda cewa ganinta alamar mutuwa ce, don haka a kashe ta a rataye gawar a bakin hanya, matafiya su wuce da masifar. Bahaushen da ya san irin kallon da ake yi wa mujiya ba ya bukatar ƙarin bayani.

Masu aikin kare namun daji sun tsinci kansu a tsaka mai wuya. A ƙauye ɗaya suna yaba al'adar da ta tsare babakoto, suna roƙon dattawa kada su bari ta mutu. A ƙauye na gaba suna cewa al'adar da ke kashe aye-aye camfi ne, a bar ta. Alhali rijiya ɗaya aka ɗebo su. Shin ya halatta mutum ya jingina da imanin da shi kansa bai yarda da shi ba, don kawai yau ya yi masa rana? Ni dai ban kira shi munafunci ba, domin wanda ya ga rai na shirin salwanta ba ya tsayawa tantance igiyar da zai jefa. Sai dai bangon aro ne. Fady yana ɗaure jikokin waɗanda suka kafa shi ne kawai. Baƙon da ya zo haƙar zinare ko saran katako, kamar yadda aka yi ta kwarara cikin dazuzzukan Masoala da Marojejy bayan rikicin siyasar 2009, babu kakan da ya yi masa wasiyya.

Sai aka koma ga amfani: ku bar su da rai, 'yan yawon buɗe ido za su kawo kuɗi. Gaskiya ne suna kawowa, har zuwa 2020 da annobar korona ta rufe iyakoki. An kuma ce aye-aye tana cinye tsutsar da ke lalata itacen kanumfari. Haka ne, amma ita ce dai ke huda wa manomi kwakwa. Duk wanda ya rataya ran dabba a kan riba, ya amince ke nan a yanka ta ranar da lissafi ya juya.

Mu da ke kallonsu a waya kada mu yi saurin yi wa ɗan ƙauyen dariya. Lemur ɗin da duniya ta sani shi ne mai wutsiya zobe-zobe baƙi da fari, wanda fim ɗin Madagascar na 2005 ya mayar da shi ɗan gata. Hotonsa muke turawa, na aye-aye mu yamutsa fuska mu wuce. Wannan ma raba tausayi ne bisa kyan fuska. Abin da ya bambanta mu da mai adda shi ne ba mu kwana kusa da dajin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban. A jerin da ƙungiyar IUCN ta fitar a 2020, ire-iren lemur 103 cikin 107 suna fuskantar barazanar ƙarewa, 33 suna matakin ƙarshe kafin ɓacewa. Babakoto yana cikin waɗannan 33. Aye-aye tana mataki ɗaya ƙasa da shi. Wato wanda ake girmamawa ya fi wadda ake tsana kusa da kabari. Dalili kuwa, hanin kakanni ya ce kada a taɓa jikinsa, bai ce komai game da itacen da yake kai ba. Manomin da ba zai taɓa ɗaga masa hannu ba, shi ne zai sare dajin ya cinna wuta don shuka shinkafar tudu, abin da suke kira tavy, ba don ƙiyayya ba sai don yara na jiran abinci. A zuciyarsa bai saɓa wa kowa ba, kuma ban ga yadda mai ƙoshi zai zauna a birni ya yanke masa hukunci ba.

Aye-aye tana da inda za ta fake in abin ya ƙi. A 1966 an kwashi tara daga cikinsu an kai ƙaramin tsibirin Nosy Mangabe, kuma tun 1992 suke haihuwa a cibiyar lemur ta Jami'ar Duke a Amurka. Babakoto kuwa duk lokacin da aka gwada tsare shi a keji ba ya daɗewa yake mutuwa, shi ya sa babu gidan namun dajin da za ka je ka same shi. In ba a kan itatuwan gabashin Madagaska ba, ba shi da wurin zama.