Shin A-kori-kura Tana da Hakki a Kanmu?



Motoci biyu za su fito daga kamfani ɗaya a shekara ɗaya, su shigo Gombe, su kama aiki iri ɗaya: ɗauko masara da wake daga Kumo ko Dukku ko Bajoga zuwa Tudun Hatsi. Bayan shekara biyar sai ka ga ɗaya tana nan garau, ɗayar kuwa an ɗora ta a kan duwatsu a bayan gareji, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. In ka tambaya sai a ce ƙaddara ce, ko a ce motar ce ba ta da albarka. To, bari mu tambayi kanmu: ƙarfen da ba shi da rai yana da hakki a kan mutum? Wanda ya wulaƙanta shi laifi ya yi, ko asara kawai ya tafka?

Gaskiya mota ba ta jin zafi. Ba kamar raƙumin nan ba da ya zo a hadisi, wanda Manzon Allah (SAW) ya tsawata wa mai shi don yana barin sa da yunwa, yana kuma galabaitar da shi da aiki. Raƙumi yana da rai, hakkinsa nasa ne. Hakkin da ke rataye da a-kori-kura kuwa na mutane ne. Akwai wanda ya sayar da gona ya saye ta. Akwai wadda aka saya da kuɗin gadon marayu don su riƙa cin abinci. Akwai direba da yaron mota da iyalansu, da manomin da ke jiran amfaninsa ya isa kasuwa, da fasinjan da ke zaune a saman buhuna, da ɗan makarantar da ke tsallaka titi. Duk wanda ya riƙe makullin nan, amanar waɗannan ce a hannunsa.

Malamanmu na fikihu sun yi bayani a babin haya cewa wanda aka ba dabba haya amintacce ne: in ta mutu ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma in ya ƙetare sharaɗi, ya ƙara mata kaya ko ya wuce inda aka ce ya tsaya, to lamuni ya hau kansa. Mu auna wannan da abin da muke gani. Mota irin Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya, wato kamar buhu 10 mai kilo 100. Nawa ake ɗora mata ranar kasuwa? Har gabanta ya ɗaga sama, sannan mutane su hau. Sifirin zai kwanta, taya ta ɗau zafi ta fashe, kulochi ya ƙone, birki kuma ba zai tsayar da ita inda ya saba ba. In haka ta faru, a kira shi da sunansa: an ƙetare iyaka.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wasu dabarun tsimi sun ƙara yawa. Mafi haɗari shi ne sakin mota a firi a kan gangara, wani ma har ya kashe inji. Duk mai shigowa Gombe ta hanyar Bauchi ya san gangarar da ake yi kafin a shiga gari. Motar da ke cikin giya, injinta ne ke riƙe ta. Wadda ke firi kuwa duk nauyin yana kan birki, ya yi zafi ya daina kamawa. In an kashe inji, bayan taku biyu ko uku birkin sai ya sandare. Man da aka tsimar bai kai cikin kwalba ba, abin da aka sa a caca kuwa rayuka ne.

Haka batun juye. A irin hanyoyinmu masu ƙura, makanikai kan ba da shawarar a canza baƙin mai da filta duk bayan kamar kilomita 5,000. Wani sai ya ninka haka, in ya ragu ya ciko da wanda ba a san asalinsa ba. Inji ba ya kuka nan take, a hankali yake cin kansa, ran da ya buga kuma kuɗin sauke shi ya isa juye na shekaru. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Amma kada a jibga wa direba laifin duka. Mai motar da ke yanka balas mai nauyi, in an ce masa taya ta suɗe ya ce a lallaɓa zuwa kaka, shi ne ya tura direba ga lodin wuce ƙima da gudun neman sawu biyu. Mu 'yan kasuwa ma muna ciki, domin mai kayan da ya matsa a ƙara masa buhu uku don ya rage kuɗin mota ya sa hannu a abin da zai biyo baya. Amana tana hawa kan mai bayarwa kamar yadda take hawa kan mai karɓa.

Wani zai ce, "Malam, talauci ne, da wa zai ƙi gyara?" Mun yarda ana cikin matsi. Sai dai yawancin abin da ke tsawaita ran mota ba ya cin ko kwabo. Da safe kafin a tayar, a zaro sandar awo a duba mai, a duba ruwan lagireto tun inji na sanyi, a zagaya tayoyi a ga iskarsu. A bar inji ya ɗan yi aiki, a fara tafiya a hankali. A ɗauke ƙafa daga kan kulochi in ba giya za a canza ba. A rage gudu kafin rami, ba a cikinsa ba. Da hunturu a riƙa kakkaɓe filtar iska, da damina kuma kada a afka ruwan kwari ba a san zurfinsa ba. In an ji sabuwar ƙara, a kai gareji yau.

Wani kuma zai ce komai na Allah ne. Haka ne. Amma mai raƙumin da ya yi tambaya a kan tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi tukuna. Har yau muna ganin tsofaffin a-kori-kura Peugeot, irin na kamfanin Kaduna da ya fara haɗa motoci a 1975, suna dakon itace da hatsi. In ka bincika, sau da yawa za ka tarar da dattijon da ya san ƙarar injinsa kamar muryar ɗansa.

Shawararmu ga masu motoci a unguwar nan: a ware kuɗin gyara daga cinikin kowane mako kafin a raba riba, a ajiye ɗan littafi a mota ana rubuta ranar juye da kilomita, a kuma yi sharaɗin yawan buhu a gaban shaidu tun ranar miƙa makulli. Direban da ya ƙi ƙarin lodi, a gode masa, kada a kore shi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.